Kama da wane ba ta wane: tambayoyi da amsoshi kan figogin rawar kontira masu kama da juna

Tun ranar da na ɗora ɗan bidiyon rawar kontirar nan da muke zuwa daren Juma'a 'yan uwa ke ta turo min tambayoyi, wasu daga gida, wasu kuma namu ne mazauna nan Amurka da suka leƙa sau ɗaya suka dawo kansu a ɗaure. Kuma tambayar kusan ɗaya ce, wai wannan figa da waccan, wato motsin da ake yi a rawar kowanne da sunanshi, ba ɗan juma ne da ɗan jummai ba? To ba shi bane wlh. Na gaji da maimaita amsa ɗaya a waya shi yasa na zauna na tattara su wuri guda. Mai kira, wato wanda ke faɗa wa masu rawa figar da za su yi, da turanci yake kira, don haka sunayen na rubuta su yanda kunne ke jinsu, inda na samu na mu mai kyau kuma na sa na mu.

Tukuna ma dai, mece ce kontira ɗin?

Rawar layi ce ta yankin Niyu Ingilan, arewa maso gabashin Amurka, amma tushenta rawar ƙauyukan Ingila ne da na Sikotilan da ɗan hannun Faransawa. Tun 1651 wani John Playford ya buga littafin irin waɗannan raye-raye a Landan, kuma wasu figogin da muke yi yau suna ciki. Ana jeruwa layi biyu dogaye ana fuskantar juna, wajen makaɗa shi ake kira sama, ƙarshen zaure ƙasa. Kana da fatna wanda ku ke tare har rawar ta ƙare, sannan akwai neba, wato maƙwabci, shi kuma canzawa yake duk zagaye. Ana riƙe hannu hurhuɗu daga sama, biyun da ke fuskantar ƙasa su ne masu lamba ɗaya, masu fuskantar sama masu lamba biyu (kada ka ce musu 'yan biyu, ba tagwaye bane).

Kiɗan goge ne irin na Turawa da fiyano da jita, kuma a ƙirge yake, taku 64 kowane zagaye, kashi huɗu, kowane kashi 16. Yawancin figa taku 8 ce, wasu 4, wasu 16. Wannan ƙirgen ka riƙe shi don rabin bambancin da zan faɗa a nan yake.

Matsayi biyu ne, da ana cewa maza da mata, yanzu wurare da yawa sun koma cewa lak da robin, sunan tsuntsaye ne, an zaɓe su ne don harafin farkon lak shi ne na hagu a turanci na robin kuma na dama. Lak na hagu, robin na dama, kowa na iya rawa a kowanne. Zan riƙa cewa shi ga lak ita ga robin don sauƙin magana kawai.

Dosido da siso, ni dai ban ga bambanci ba

Kafaɗa ce kawai. A dosido ka tunkari mutum ku wuce juna ta kafaɗar dama, ka ɗan matsa dama baya da baya, sannan ka dawo da baya-baya zuwa inda ka taso, fuskarka na kallon inda take kallo tun farko, taku 8, babu taɓa hannu. Siso shi ne dai wannan amma ta kafaɗar hagu ake farawa.

Ƙaramin abu ne har sai ka kuskure. Darena na biyu ne ko na uku, na riga na saba da dosido har ina jin kaina gwani, mai kira yace siso ni kuma ƙafata ta riga kunnena, na nufi dama, wata dattijuwa mai furfura da siket mai fure-fure ta nufi inda ya kamata, muka yi kiciɓis ƙirji da ƙirji har tabaranta ya zamo kan hanci. Ba ta ce uffan ba, ta gyara tabarau da yatsa ɗaya tana dariya ta ɗan bubbuga kafaɗarta ta hagu ta wuce, kafin in gama neman kalmar ban haƙuri layi ya riga ya kai ni wurin wasu.

Za ka ga gwanaye suna jujjuyawa kamar katantanwa a cikin dosido, wannan ƙari ne nasu ba ya cikin figar, kuma sabon shiga in ya kwaikwaya yawanci sai ya ƙare yana kallon bango.

To shi kuma wanda ake zagaya juna ana kallon ido fa?

Wannan shi ake kira zagayen kafaɗar dama. Hanyar da ƙafa ke bi kusan ta dosido ce, ka zagaye mutum yanda hannun agogo ke tafiya, amma a nan ba ka juya mishi baya ko kaɗan, fuska da fuska ku ke har ku gama. Dosido baya da baya, wannan ido da ido. Da sunanshi jifsi, sai aka ga kalmar zagi ce ga al'ummar Romani (ba mutanen birnin Roma ba), masu kira da yawa suka daina, shi yasa za ka ji sunaye daban-daban daga gari zuwa gari, figar dai ɗaya ce. Sau da yawa ana narkar da shi cikin siwin (juyin da mutum biyu ke yi a riƙe da juna), wato kuna zagayawa kuna matsowa har ku kama juna.

Maganar kallon idon nan, mu da aka rena mu da cewa zuba wa babba ido rashin kunya ne, da nauyi gaskiya. Ni wata uku ina kallon kunnen mutane. Kuma hakan ba laifi, kalli kafaɗa ko haɓa, amfanin kallon dai yana rage jiri.

Akwai ɗan uwansu na huɗu, mad robin, sunan wata tsohuwar rawar Ingila ne aka aro. Shi ne ya fi rikita mutane don wanda kake zagayawa daban wanda kake kallo daban. Neba ɗinka da ke gefenka shi kake zagayewa, da tafiyar gefe kamar ƙaguwa, ɗaya ya bi ta gaba ɗaya ta baya, amma idonka na kan fatna can ƙetaren layi. In ka juyo ka kalli neba to ka mayar da shi dosido ke nan.

Alaman da ful bai, duk ba hannu ake bayarwa ba?

Hannu ake bayarwa amma riƙon daban, niyyar ma daban. Ful bai musabaha ce a kan hanya, hannu a ƙasa kamar gaisuwa, ku ɗan ja juna ku wuce ka SAKI, taku biyu an gama. Alaman kuma hannu a sama daidai ƙirji, gwiwar hannu a lanƙwashe tana kallon ƙasa, yatsu sun naɗe gindin babban yatsan ɗan uwanka, sai ku zagaya juna hannun nan na tsakiya kamar turke. Alaman dama tana bin agogo, ta hagu saɓaninshi.

Abun da ya kamata kunnenka ya kama a alaman shi ne lambar. Sau ɗaya, ka dawo gurbinka. Ɗaya da rabi, kun yi musayar gurbi, kuma ita ce aka fi kira, taku 8. Kashi uku cikin huɗu yawanci layin igiyar ruwa za a haɗa, wato layin da ake riƙe hannu kowa na kallon saɓanin na kusa da shi. Wanda bai ji rabin nan ba zai tsaya yana neman mutumin da ke can bayanshi.

Sannan sai da ɗan ja. Kowa ya ɗan jingina baya kaɗan hannu ya yi tauri daidai wa daida, kamar mutum biyu na ɗauke da tulu ɗaya, in ɗaya ya saki jiki ɗayan ne zai sha wahala. Hannu laɓo-laɓo kamar dafaffiyar taliya ba ya kai ka ɗaya da rabi cikin taku 8. Amma don Allah kada ka murɗe wa mutum wuyan hannu ko ka matse mishi babban yatsa, akwai tsofaffi masu ciwon gaɓɓai a layin.

Fas tiru, rayit an lef tiru, furomaned, sarƙa, duk ƙetare layi ne, me ya raba su?

Yauwa, nan ne gizo ke saƙar, bari in ɗan daɗe a nan.

Fas tiru shi ne mafi sauƙi, ka wuce wanda ke gabanka ta kafaɗar dama ka tsaya kana kallon inda ka dosa, ba juyawa. Kuskuren kowa shi ne juyowa, don jiki na son ya ga mutanen da ya bari, alhali sau da yawa sababbin neba ne ke gabanka suna jiranka.

Rayit an lef tiru fas tiru ne da ƙari. Ku biyu ku ƙetare, kowa ya wuce na gabanshi ta dama, taku 4, sannan ku yi juyin ladabi taku 4, wato hagu cikin hagu, hannun daman lak a bayan robin, shi yana ja da baya ita tana gaba har ku juyo kuna fuskantar cikin layi, ita tana damanshi. Wasu garuruwan ana ba da hannun dama wajen wucewar, wasu kafaɗa kawai, duk daidai ne, ka duba abun da mutanen wurin ke yi ka bi.

Furomaned kuma inda za ka sauka ɗaya ne sak da rayit an lef tiru, taku 8 shi ma. Bambancin a hanya yake. A rayit an lef tiru kuna rabuwa ne ku ratsa ta tsakanin waɗancan biyun kamar yatsun hannu biyu in an saƙa su, a furomaned ba ku rabuwa, tun daga farko kuna riƙe da juna dama cikin dama hagu cikin hagu, ku ɗan karkata dama a dunƙule, lak da lak su wuce juna ta kafaɗar hagu, sai ku juya hagu ku fuskanci ciki. In wasu biyu suka yi wannan wasu biyu suka yi wancan, to karo ne a tsakiya ba makawa.

Sarƙa, wadda mai kira ke ce wa cein, ita ce ta fita daban da gaske don mutum biyu ne kawai ke ƙetarewa. Robin da robin su ba juna dama su wuce, lak ɗin da ke can ƙetare ya tarbe ta da juyin ladabi. Lak bai canza layi ba. To ka ga sakamakon ya bambanta, in da neba kake tsaye kafin sarƙa, bayanta da fatna kake tsaye, ko akasin haka, alhali a sauran biyun wanda ka tafi da shi shi ne dai a gefenka. Shawara ga lak, kada ka tsaya kamar an dasa ka, ka ɗan matsa dama cikin gurbin da ta bari ka juyo da kafaɗa ka miƙa hagu tun tana tahowa, in ba haka ba ita za ta yi duk tafiyar ta makara.

Akwai kuma fas di oshan, yana farawa kamar fas tiru amma ba a ƙarasawa, robin biyu su kama hagu a tsakiya su ɗan juya, lak su ƙetare su kama dama a bakin layi, sai ga gajeren layin igiyar ruwa na mutum huɗu.

Kalifoniya tuwal, bokis da nat, sita tiru: duk hannu ake ɗagawa a bi ta ƙasa

Haka ne, kuma duk taku 4 ne kusan, kuma duk musayar gurbi ake. Tambayoyi biyu za ka yi wa kanka, ya muke tsaye kafin, ya za mu tsaya bayan.

Kalifoniya tuwal kafaɗa da kafaɗa ake farawa kuna kallon wuri ɗaya, damanshi riƙe da hagunta, a ɗaga, ta bi ta ƙasa shi ya zagaya, ku ƙare kafaɗa da kafaɗa kuna kallon inda kuka juya wa baya ɗazu. In ka lura sakamakonshi ɗaya da juyin ladabi, riƙon ne da saurin suka bambanta. An fi sa shi a ƙarshen zagaye don ya juyo da ku wajen sababbin neba.

Bokis da nat fuska da fuska ake farawa, dama cikin dama, ta bi ta ƙasa, ku ƙare fuska da fuska kowa a gurbin ɗan uwanshi kuma hannun na nan riƙe, sau da yawa ful bai ke biyo baya. In da hagu aka yi sunanshi suwat da fili. Ma'anar sunayen abun dariya ne, ɗaya naushin ɗan ƙwaro ɗaya marin ƙuma, daga rawar sukwaya, ta mutum takwas a murabba'i, aka aro su.

Sita tiru shi ne ruwa biyu, farawar bokis da nat, riƙon Kalifoniya tuwal. Fuska da fuska, damanshi da hagunta, ta bi ta ƙasa, amma kwata kawai kowa ke juyawa sai ku ƙare kafaɗa da kafaɗa.

Shi kuwa rol awe babu ɗaga hannu sam, ta gabanka take mirginowa daga wannan gefe zuwa wancan kuna fuskantar juna na ɗan lokaci, in an ce da haf sashe kai ma ka zame gefe cikin gurbinta.

Da'ira hagu da tauraro hagu ai hanya ɗaya za su bi ko?

A'a, kuma wannan ya daɗe yana cin mutane. Da'ira hagu kuna riƙe da hannu ku huɗu kuna tafiya wajen hagunku, wato bin agogo. Tauraro hagu kuma ba hanya ake faɗa ba, hannun da za ka sa a tsakiya ake faɗa, in hagunka na tsakiya ka yi gaba to saɓanin agogo kake. Don haka da'ira hagu da tauraro DAMA su ne hanya ɗaya, shi yasa in aka ce da'ira hagu sannan tauraro hagu komawa ake inda aka fito.

Tauraron ma riƙo biyu ne. Akwai na wuyan hannu, kowa ya ɗora hannu kan wuyan hannun na gabanshi ya zama kamar ɗan akwati, shi aka fi yi a Niyu Ingilan, akwai kuma na musabaha da wanda ke kusurwa da kai, hannu biyu a gicciye, shi ne na rawar Ingila kuma wasu yankunan shi suka saba. In mai kira ya faɗi wanda yake so, yawanci da dalili, misali robin za su ci gaba da riƙe juna bayan lak sun fita.

Da'irar kuma ka saurari kashi uku cikin huɗu, ita aka fi kira, gurbi uku za ka wuce ba huɗu ba, taku 6 ne sauran biyun na wucewa ko kama fatna.

He da sarƙa fa? Na ga duk robin ke fara shiga tsakiya

Farawar ɗaya ce shi yasa. Amma a he babu hannu babu juyin ladabi, kuma ku huɗun duka ke tafiya ba mai tsayawa. Saƙa ce, dama a tsakiya hagu a baki, robin su wuce juna ta dama, su wuce lak ta hagu, lak su shiga su wuce juna ta dama, wanda ya fita ƙarshe ya yi ɗan lanƙwasa ta hagu ya dawo. Cikakken he taku 16 ne kowa ya koma inda ya taso, rabin he taku 8 kowa ya ƙare a ƙetare. Wani lokaci a kan fara da hagu a tsakiya ko lak su fara, sai komai ya juye.

Abun da ya taimake ni shi ne na daina ƙirga mutane, na riƙe cewa zan je bangon can in dawo, duk wanda na haɗu da shi a tsakiya dama, na baki hagu. Kuma lanƙwasar baki ka yi ta da faɗi, masu yanke ta su ne ke dawowa da wuri su tarar da cunkoso. In ka ji rikoshe, to waɗanda aka kira ba za su wuce juna a tsakiya ba, tafin hannu za su haɗa su tura juna su koma gefen da suka fito.

Fetiranela da Rori Omo, duk balans ne sai juyi

Balans ɗin kanshi taku 4 ne, gaba da baya ko dama da hagu, shi ne inda za ka ji zaure gaba ɗaya ya buga ƙafa a katako lokaci guda, ni wannan ƙarar ce ma ta fara riƙe ni a rawar. Kada ka haɗa shi da dogayen layi gaba da baya, wancan taku 8 ne, huɗu shiga huɗu fita, a natse.

Fetiranela a da'ira ake yi, ku huɗu ku yi balans, ku saki hannu kowa ya juya ta kafaɗar dama ya koma gurbin wanda ke damanshi, gurbi ɗaya tak. Sunan wata tsohuwar rawa ce da ta zo daga Sikotilan, kuma a asalinta masu lamba ɗaya ne kawai ke juyin. Tafi biyun nan da ake yi bayan juyi, tas tas, ƙarin 'yan baya ne, har yau akwai tsofaffin da ke ɓata rai in sun ji. Ni ina tafawa, ba zan ɓoye ba.

Rori Omo kuma a layin igiyar ruwa ake yi, inda kowa ke kallon saɓanin na kusa da shi. Balans dama da hagu, ka zame dama ta gaban wanda ke damanka, yanzu ya dawo hagunka ku kama hagu, sai balans hagu da dama ka zame hagu ka koma. Wato Fetiranela zagaye kake kana ci gaba, Rori Omo zuwa ne da dawowa a miƙe. Juyi a cikinshi ganin dama ne, zamewar ce dole.

Siwin ai alaman ce da runguma?

Hanyar ɗaya da alaman dama, bin agogo, amma siwin tana da doka a ƙarshenta wadda alaman ba ta da ita, duk inda kuka fara, lak zai ƙare a hagu robin a dama. Wannan dokar ita ke gyara layi, kuma ita ke ɓata shi in an saɓa, don duk figar da ta biyo baya ta ɗauka kuna tsaye haka. Dabarar ita ce hannayenku da ke haɗe a miƙe su nuna inda za ku fuskanta, sai ku sake su ku buɗe kamar littafi.

Ƙafa kuma ko tafiya kawai ko bas sitef, dama a gaba hagu na turawa kamar yaro a kan sikuta, duka biyun suna haɗuwa lafiya, babu tsalle dai. Balans da siwin taku 16 ne, 4 da 12, siwin zalla sau da yawa 8, mai jiri ya gaya wa abokin rawarshi a rage gudu, ba abun kunya bane.

Maganar riƙe-riƙen nan tsakanin maza da mata fa?

An tambaye ni wannan ya fi sau goma. Gaskiyar magana rawar ta haɗa kowa, ko ka zaɓi fatna namiji ɗan uwanka ko ke ki zaɓi mace, neba dai zuwa za su yi ɗaya bayan ɗaya kuma ba kai ke zaɓensu ba. Ana iya neman a yi siwin da riƙon hannu biyu nesa-nesa kuma mutane na girmama hakan, amma babu yanda za a yi kontira ba taɓa hannu. Kowa ya san inda ya tsaya, wanda bai natsu ba ya zauna a benci ya sha kiɗa, babu mai tsangwamarshi.

Juya kai kaɗai da juyawa ku biyu, in an gangara zaure?

Ku huɗu a jere kun gangara ƙasa taku shida ko makamancin haka. In aka ce kowa ya juya shi kaɗai, gurbinka bai canza ba, fuska ce ta juya, don haka wadda ke damanka yanzu tana hagunka. In aka ce ku biyu, kun yi musayar gurbi da na kusa da kai, na tsakiya ya koma baki, kuma robin na nan a dama. Ɗaya ya yi wannan ɗaya ya yi wancan shi ne ka ga mutum na jan hannun wanda ya riga ya juya.

Fuset da gib an tek?

Duka hannu biyu ake kamawa wani na gaba wani na baya-baya. A fuset ku biyu kuna zagaye waɗancan biyun ne kamar ana tura baro, rabin fuset kun yi musayar gurbi da su. A gib an tek babu zagaye kowa, ƙetarewa za ka yi ka kamo fatna, ta ɗan toge kaɗan, ka jawo ta layinku ku yi siwin.

Ina bambancinta da rawar sukwaya da rawar Ingila, tunda sunayen figogin ɗaya ne?

Sukwaya mutum takwas ne a murabba'i kuma da su za ka ƙare, a irin ta zamani ma mai kira na canza kira yanda ya ga dama dole kunne ya kasance a buɗe har ƙarshe. Kontira zagaye ɗaya ake maimaitawa da sababbin neba, bayan 'yan zagaye mai kira ya yi shiru ya bar ku da makaɗa. Rawar Ingila kuma layi ne kamar kontira amma ta fi natsuwa, kusan kowace rawa da nata kiɗan, siwin kaɗan ne ƙwarai. Mai son ganin su wuri ɗaya, bikin NEFFA da ake yi a Masacusets duk Afrilu, wanda aka fara tun 1944, ko Fulori na Saratoga Sifirins a jihar Niyu Yok cikin Fabrairu. Na kowane mako kuma akwai Nelson a Niyu Hamsha daren Litinin, Gilen Eko a Merilan daren Juma'a, da Girinfil a Masacusets. Yawancin wurare ana koyar da sababbi kamar rabin awa kafin a fara, ka zo da takalmi mai tsabtar ƙasa a jaka saboda katakon, da riga ta biyu don zufa.

Imfurofa da Beket, kuma me zan yi in na kai ƙarshen layi ba kowa gabana?

Waɗannan ba figa bane, tsarin tsayuwa ne. A imfurofa fatna na ƙetare neba na gefenka a layi, masu lamba ɗaya sun yi musayar gefe tun farko shi yasa layin ke tafiya lak, robin, lak, robin. A furofa, irin tsofaffin raye-raye, duk lak layi ɗaya duk robin layi ɗaya. A Beket kuma fatna ne a gefenka neba a ƙetare, sunan daga garin Beket na Masacusets ne, inda Herbie Gaudreau ya sa wa wata rawarshi sunan wurin, kuma a nan ci gaban yawanci zamewa ake gefe, sau da yawa hagu, maimakon wucewa sama ko ƙasa.

In kun fita ƙarshe zagaye ɗaya za ku jira. A imfurofa ku yi musayar gefe ku juyo ku fuskanci layi, lak a hagu robin a dama, lambarku ta canza, in da ƙasa kuke gangarawa yanzu sama za ku hau. A Beket ku tsaya tare a shirye ku shiga ta ɗaya layin. Kuma kada ka tafi shan ruwa, wasu raye-rayen suna buƙatar na ƙarshe a tsakiyar zagaye, sarƙa ta kusurwa ko alaman da wani na gaba, na taɓa juya baya ina ɗaure igiyar takalmi sai jin hannu na yi a kafaɗata wani saurayi na jira in ba shi hagu, da takalmi ɗaya a kwance na ƙarasa zagayen.